Yadda Ake Shirya Hutun Tsauni Ga Mai Son Wasannin Kasada, Mataki Bayan Mataki

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu shirin hutu a yankin tsaunuka ita ce: na ga bidiyon mutane suna shawagi da laima, wasu suna ratsa kogi mai kumfa cikin kwale-kwalen roba, wasu sun maƙale a jikin dutse, to ni ta ina zan fara? Amsata kullum ɗaya ce, ka fara da tsara abin da zai riga wani. Yawancin waɗanda hutunsu ke lalacewa suna da jarumtar da ake buƙata, sai dai sun ɗauko abin da ya kamata a yi rana ta huɗu sun sa shi rana ta farko, ko kuma sun ba da kuɗinsu ga kamfanin da ba ya iya cewa "yau ba fita". Ga matakan a jere.

1. Zaɓi wata kafin ka zaɓi wuri

Kowane tsauni da lokacinsa. A tsaunukan Alps na Turai, wasannin da ba na ƙanƙara ba sun fi kankama daga Yuni zuwa Satumba. A farkon wannan lokaci dusar ƙanƙara tana narkewa, koguna suna cika suna ƙarfi, amma hanyoyin da ke can sama wataƙila ba su gama buɗewa ba. A Nefal an fi zuwa a Oktoba da Nuwamba, sai kuma Maris da Afrilu, saboda daminarsu mai nauyi tana ɗaukar tsakiyar shekara. A Niyu Zilan lissafin ya juya, lokacin ɗumi daga Disamba ne zuwa Fabrairu.

Ka ware aƙalla kwana biyar ko shida, ka bar guda ɗaya babu komai a cikinta. Wannan ranar ita za ta cece ka idan iska ko ruwan sama ya sa aka ɗage maka wani wasa.

2. Ga likita tun kana gida

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda ba a iya gyarawa bayan an isa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon baya ko wuya, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mace mai juna biyu, duk su zauna da likita su lissafa masa wasannin da suke son yi ɗaya bayan ɗaya, da tsayin wurin da za su kwana. Kada ka ce masa kawai za ka je hutu.

Gargaɗi: mai sikila yana cikin haɗari na musamman a wuri mai tsayi, domin ƙarancin iskar oksijin yana iya tayar da ciwon. Ko wanda yake AS, wanda a gida ba ya jin komai, an san tsauni mai tsayi yana iya taɓa masa saifa. Idan ba ka san ko kai AA ne, AS ko SS ba, yi gwajin kafin ka sayi tikiti.

Akwai maganin da ake sha don rage ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin oksijin a wuri mai tsayi ke jawowa. Sunansa acetazolamide, an fi saninsa da Diamox. Likita ne zai ce ka sha ko kada ka sha, da kuma adadin.

3. Inshora: karanta abin da aka cire

Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar wasannin kasada. Buɗe takardar ka nemi sashen abubuwan da ba a biya, ka duba abu uku: shin an ambaci wasanka da sunansa, shin akwai iyakar tsayi da idan ka wuce ta inshorar ta faɗi, kuma shin za su biya kuɗin ceto da jirgi mai saukar ungulu. Na ukun nan shi ne babba. A wurare da yawa wanda aka ceto ne ake kawo wa takardar biya, kuma kuɗin yana iya fin na hutun gaba ɗaya. Idan wani abu bai fito fili ba, ka rubuta musu su amsa a rubuce, ka adana amsar.

4. Tantance kamfani da ɗan jagora

A nan nake so ka ɓata lokaci, domin ranka za ka damƙa a hannun wanda ba ka taɓa gani ba.

Fara da takardun ƙwarewa. Jagoran hawan tsauni mafi girman shaida shi ne mai lasisin IFMGA, ƙungiyar jagororin tsaunuka ta duniya. Masu tuƙin kogi suna da shaidar hukumar ƙasarsu ko ta IRF, ƙungiyar masu tuƙin kwale-kwalen roba ta duniya. Matuƙin laima mai ɗaukar fasinja yana buƙatar lasisin ɗaukar fasinja, wanda ya bambanta da na tashi shi kaɗai. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ƙwararre yana jin daɗinta, kuma nan take zai nuna maka.

Sannan ka yi waɗannan tambayoyi kafin ka biya ko sisi. Mutum nawa jagora ɗaya yake ɗauka? Wa yake yanke shawarar a fasa fita, kuma da ƙarfe nawa? Idan yanayi ya hana, za a mayar da kuɗi ne ko a sauya rana? Akwai iyakar nauyi ko shekaru? Kamfanin da ya ce maka "mu ba mu taɓa fasa fita ba" ya gaya maka duk abin da kake buƙatar sani, ka nemi wani.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne abin da ya faru a kwazazzabon Saxetbach, kusa da Interlaken a Suwizalan, a watan Yulin 1999. An shigar da matasa 'yan yawon buɗe ido cikin kwazazzabon alhali hadari ya haɗu a saman tsauni. Ruwan da ya sauka can sama ya gangaro a matsayin ambaliya, mutum 21 suka rasu, har da jagorori uku. Kayansu ba su da laifi. Shawarar shiga ce ta kashe su.

Batun kuɗi: farashin da ka gani a talla ba safai yake zama na ƙarshe ba. Tambayi ko ya haɗa da motar da za ta kai ka wurin farawa, tikitin motar waya mai hawa tsauni, hayar kaya, da hotuna ko bidiyo, waɗanda kusan kullum daban ake sayarwa. Tafiyar ƙafa ita ce mafi araha. Shiga ayari ya fi ɗaukar jagora kai kaɗai sauƙi. Shawagi da laima da tsallen banji, wato faɗowa daga wuri mai tsayi ɗaure da igiyar roba, su ne masu cin kuɗi idan ka auna da mintunan da ake yi. Idan aljihu ya matse, rage yawan wasannin, kada ka rage ingancin kamfanin.

5. Kayan da za ka saya da waɗanda za ka yi haya

Hular kwano, ɗamarar tsaro, ƙugiyoyi, rigar ceto da rigar roba mai riƙe ɗumi, duk kamfani ne yake bayarwa. Kada ka saye su don tafiya ɗaya. Abin da ya rage naka:

Takalmi mai rufe idon sawu, mai ƙasa mai kama dutse. Ka saye shi makonni kafin tafiya ka yi ta yawo da shi, sabon takalmi a rana ta farko bororo yake haifarwa. Tufafi hawa uku: na ciki mai saurin bushewa, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Ka guji auduga a jikin fata, tana shan gumi ta riƙe shi, da ka tsaya hutawa sai sanyi ya kama ka. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da ka hau, don haka wanda ya bar gari da 'yar shara zai iske wata duniya a sama. Ƙarfin hasken rana kuma ƙaruwa yake yi, kusan kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000, saboda haka tabarau mai tare haske da man kariya daga rana wajibi ne ga kowace irin fata. A jaka ka sa ruwa, abin taunawa, tocilar goshi, usur, filasta, batirin cajin waya, da taswirar da ka sauke wadda ba ta buƙatar intanet.

Gargaɗi: duk abin da ke lilo, mayafi ne, doguwar riga ce, igiyar hula ce ko dogon gashi, yana iya shiga cikin ƙarfen da ke gudu a kan waya ko igiya. A naɗe shi a cusa ciki kafin a ɗaura ɗamara.

6. Jera ranakun daga ƙasa zuwa sama

Ciwon tsauni yakan fara bayyana daga mita 2,500 zuwa sama, kuma ba ruwansa da ƙarfin jikinka. Ɗan wasan motsa jiki yana iya kwanciya, tsoho ya wuce lafiya. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin son abinci da rashin barci. Ƙa'idar da likitocin tsauni suke bayarwa ita ce, da zarar ka wuce mita 3,000 kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma ka huta rana guda duk bayan kwana uku ko huɗu.

Motar waya tana yaudara. Wadda ke Chamonix a Faransa tana ɗaukar mutum daga gari, mai tsayin mita 1,035, ta kai shi Aiguille du Midi, mita 3,842, cikin kusan minti ashirin. Jiki bai san an yi tafiya ba sai ka fara hawa matakala ka ji numfashi yana yankewa. Irin wannan ziyara ka bar ta sai kwana na uku ko na huɗu, kuma a can sama ka yi komai a hankali.

Tsarin da nake ba da shawara: rana ta farko 'yar tafiyar ƙafa ta awa biyu ko uku don ka gwada takalmi da huhu. Rana ta biyu wasan kogi, tunda a ƙasan kwari ake yinsa. Shawagi da laima ka sa shi da wuri a cikin mako, domin shi ne wanda iska ta fi ɗagewa, ka sami damar sake gwadawa. Hawan dutse mai wuya ya zo bayan jiki ya saba. Ranar ƙarshe kada ka sa komai mai nauyi.

Don ƙiyasta tsawon tafiya akwai tsohon lissafin Naismith na 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa, baƙo ya ƙara aƙalla sulusi a kai. Ka koyi alamun hanya na ƙasar da kake. A Suwizalan, misali, rawaya hanya ce ta kowa, fari-ja-fari ta tsauni ce, fari-shuɗi-fari kuwa ta masu gogewa ce.

Gargaɗi: idan ciwon kai ya kama ka, kada ka ƙara hawa. Idan mutum ya fara haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi, ko magana ba kan gado, a sauko da shi nan take ko da dare ne, a nemi likita. Ba a jira gari ya waye.

7. Duba sama kowace safiya

Ka duba hasashen yanayi na tsaunin kansa, wanda ya bambanta da na garin da ke gindinsa. A lokacin ɗumi hadari mai tsawa ya fi haɗuwa da rana ta karkata, shi ya sa masu tsauni suke sammako su juyo kafin la'asar. Tun kafin ka fita ka yanke lokacin juyowa, ko ka kai inda kake so ko ba ka kai ba, ka kuma gaya wa masaukinka hanyar da ka bi da lokacin da za su sa ran ganinka.

Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30 yana nufin aradu na iya kai wa gare ka: sauka daga ƙololuwa, nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, nisanci duk wani ƙarfe.

8. Hawan dutse mai waya, via ferrata

Hanya ce a jikin dutse da aka kafa wa wayar ƙarfe da matakai, shahararrunta suna tsaunukan Dolomites na Italiya. A ganina ita ce ta fi ba baƙo abin da ya zo nema, saboda kai ne kake hawa da ƙafarka, ba ɗaukar ka aka yi ba. A ma'aunin da ake amfani da shi a Ostiriya, A ce mafi sauƙi, wuya tana ƙaruwa har E. Sabon shiga ya tsaya a A ko B, tare da jagora.

Daga ɗamararka akwai hannaye biyu, kowanne da ƙugiya, haɗe da wata 'yar jaka mai rage ƙarfin faɗuwa. Duk sanda waya ta zo wurin da aka kafe ta da dutse, ka tsaya da kyau, ka cire ƙugiya ɗaya ka maƙala ta a gaba, ka ji ta rufe, sannan ka cire ta biyu. Ba a cire biyun a lokaci ɗaya, ko a wurin da ya yi kama da tsakar ɗaki. Gajiya ce take sa mutum ya fara gajarta wannan, don haka a ƙarshen hanya ka fi sa ido a kan hannunka.

Mutum ɗaya ne a tsakanin kafi biyu. Idan na sama ya zame, a kanka zai sauko. Nauyinka ya kasance a ƙafa, hannaye a miƙe, domin mai rungumar waya da lanƙwasasshen hannu minti goma ya ishe shi ya ƙare. Idan ka ji an yi ihun dutse na faɗowa, manne da bango, kada ka ɗaga kai.

Gargaɗi: kayan nan suna ceton rai, amma faɗuwa a via ferrata tana karya ƙashi. Kada a maye gurbinsu da igiya zalla. An gina na zamani don nauyin kilo 40 zuwa 120, yaron da bai kai ba sai jagora ya ƙara masa igiya. Hadari kuwa idan ya taso, wayar da kake riƙe ita ce hanyar aradu.

9. Kogi da kwazazzabo

Ana auna ƙarfin kogi daga mataki na I zuwa na VI. Na II da na III sun ishi baƙo jiƙewa da ihu. Na IV sai mai iya iyo sosai. Idan ba ka iya iyo ba, ka faɗa wa jagora tun a bakin ruwa.

Gwada rigar ceto haka: ɗaure duk maɗaurai, wani ya kama kafaɗun ya ja sama. Idan ta taso har kunnenka, ta yi sako-sako. A cikin jirgi ka zauna a gefe, ka cusa ƙafa inda aka nuna maka, kuma tafinka kada ya bar kan sandar tuƙi, saboda wannan kan ne yake fasa bakin na kusa da kai.

Idan ka faɗa ruwa, sanyin zai sa ka yi ta haki a minti na farko. Ka rufe baki idan igiyar ruwa ta zo, ka ja numfashi a tsakani. Kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsu a sama. Kada ka yi ƙoƙarin tsayawa a ruwa mai gudu, ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne ka. Idan aka jefo maka igiya, kama igiyar, ka ɗora ta a kafaɗa, kada ka naɗe ta a hannu. Bishiyar da ta faɗi cikin kogi ta fi dutse haɗari, ka yi iyo ka kauce mata tun daga nesa.

Bin kwazazzabo, inda ake zamiya da tsalle da sauka da igiya, yana da ƙa'ida guda da ba a karyawa: ba a tsalle sai inda jagora ya nuna. Kuma kana da 'yancin cewa a sauke ka da igiya maimakon tsallen.

10. Shawagi da laima

Interlaken, Pokhara a Nefal, da dutsen Babadağ a Turkiyya suna cikin wuraren da suka yi suna. Kai fasinja ne, aikinka kaɗan ne amma yana da muhimmanci. Kafin tashi ka duba da idonka cewa maɗauran cinya biyu a rufe suke, kuma ƙugiyoyin da suka haɗa ka da matuƙi a kulle. Tambaye shi laimar ko-ta-kwana. Da ya ce a gudu, ka gudu, ka ci gaba da gudu har ƙafarka tana harbin iska. Kuskuren da aka fi yi shi ne zama ko tsalle da zarar an ji laima ta ja, wannan yana jawo ku duka biyu ƙasa. Iskar safe ta fi laushi, ta tsakar rana ta fi ɗagawa da jijjiga. Mai saurin jiri ya zaɓi safe, ya ci abinci kaɗan, ya kuma gaya wa matuƙi ba ya son juyi.

11. Banji, zamiya a waya, da keke

Tsallen banji na kasuwanci ya kafu ne a 1988 a gadar Kawarau mai tsayin mita 43, kusa da Queenstown a Niyu Zilan. Gadar Bloukrans a Afirka ta Kudu ta kai mita 216. Dole su auna nauyinka da ma'auni, kuma mutum na biyu ya sake duba ɗaurin na farko. Zazzage aljihu. Mai hawan jini ko matsalar ido ko baya ya haƙura.

A zamiya kan waya, hannunka kada ya shiga gaban ƙarfen da ke gudu, kuma ka tabbata ka fahimci yadda ake tsayawa kafin a sake ka.

Keken gangara: fara da hanya mai alamar kore ko shuɗi. Kafin ka hau, matsa birki ɗaya-ɗaya ka ga wanne ne na gaba, domin a Ingila yana hannun dama, a yawancin Turai da Amurka yana hagu.

12. Idan abu ya faru

Tsaya, ka matsar da kowa daga inda dutse ko ruwa zai iya samunsu, ka lulluɓe wanda ya ji rauni har ta ƙasansa, saboda ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki. Kada ka motsa wanda ake zargin ya bugu a wuya ko baya sai idan barinsa ya fi haɗari. A Turai lambar gaggawa 112 ce. A wasu ƙasashe ka adana tasu tun ranar isowa. Za su tambaye ka inda kuke, abin da ya faru, mutum nawa, da yanayin sama, don haka ka koyi fito da lambobin wurinka a taswirar waya tun kana masauki.

Idan babu sabis, alamar neman agaji a tsaunukan Alps ita ce busa usur ko haska tocila sau shida cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake. Amsa sau uku ce. Jirgi mai saukar ungulu idan ya iso, ɗaga hannu biyu sama yana nufin kuna buƙatar taimako, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa yana nufin ba ku buƙata. Ku tattara jakunkuna da duk abin da iska za ta iya ɗauka, ku durƙusa wuri ɗaya, kada kowa ya tunkari jirgin sai ma'aikacinsa ya yafito shi.